Ruwan Leda da Ruwan Kanal

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, gara ku ji daga bakina: wawan labarin nan ni ne, ni babanku Audu da ake ce wa Barewa. Na san a gidan nan an daɗe ana nuna wa baƙi wani ƙarfe mai shuɗiyar igiya da ke rataye a ƙusar zaure, ana cewa lambar yabo ce Baba ya ciyo a gudun fanfalaki na birni. Ban taɓa ƙaryata ku ba, don babu mai ƙin a yabe shi a zaurensa. Amma shekaranjiya na ji ɗayanku yana gunaguni a kan kwandon tumatirin farko da ake kai wa gidan marigayi Sale kowace shekara, wai har yaushe za a yi ta yi. Gunagunin nan ne ya sa na nemi biro. Bokona a aji huɗu ya tsaya, ranar da ni da malamin lissafi muka fahimci ba za mu taɓa shiryawa ba, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi, amma maganar kada ku taɓa ta.

Sale taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna tallar rake nake kiransa bawana, shi kuma yana ce min "ranka ya daɗe" irin wadda ta fi zagi ciwo. Da aka raba filayen ban-ruwa a yankinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, sai Allah ya haɗa mu iyaka. Gonata a sama, tasa a ƙasa, ƙaramin kanal ɗaya muke sha, kuma sai ruwa ya bi ta kaina yake isa gare shi. Duk wanda ya yi noman rani ya san wannan zama ba ya rasa cacar baki. Shi Sale gwiwarsa ta dama ta lalace tun yana saurayi, da sanda yake zagaya fangalolinsa. Ni kuwa Allah ya yi min ƙafa. In mutanen sama suka datse mana ruwa da buhun yashi, ni nake bin gaɓar kanal a guje in janye buhun, in juyo in riga ruwan isowa gonata. A nan na samo sunan Barewa, a nan kuma na samo girman kan da ya kai ni birni.

Shekarar da nake ba ku labari, wayar hannu ta fara shigowa ƙauye amma sai an hau tudu take magana. Ana yashe babban kanal a lokacin, sai aka koma ba da ruwa kama-kama, kowane ɓangare da ranarsa, in ta wuce ka sai mako ya zagayo. Mu kuma mun yi dashen tumatir ke nan, 'yan shuke-shuken ko tsayuwa ba su gama yi ba. Dashe irin wannan in ya rasa ruwa sau ɗaya a zafin nan, to ka yi masa addu'a kawai. Kuma shi ne duk abin da gidan nan ya dogara da shi a ranin, daga tuwo har sabulu. A ranarmu ana buɗe ƙofar ruwa da safe, mutanen sama su sha, ya iso layinmu bayan Azahar, a rufe kafin rana ta faɗi.

Muna teburin mai shayi aka sanar a rediyo cewa wani kamfani ya shirya gudun fanfalaki a cikin birnin Kano, kowa na iya shiga, yaro da babba. Na ajiye kofi na ce ai da ma an daɗe ana neman wanda zai nuna wa 'yan birni yadda ake gudu.

"Ranka ya daɗe," in ji Sale, "barewar da ta yi furfura ai sunanta akuya."

Aka kwashe da dariya. Da dariyar ta tsaya a nan, da tumatirin Sale ya kai kasuwa. Amma na rantse a gaban jama'a cewa sai na shiga, kuma sai na kai ƙarshe. Sai bayan na yi rantsuwa wani ya lissafa ya ce ai ranar gudun ita ce ranar ruwanmu.

Innarku tana tankaɗe na je mata da maganar. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, wa zai ba dashen ruwa?"

"Ni mana. Da sassafe ake farawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi na gama, in hau mota, Azahar a gona za ta same ni."

"Wa ya biyo ka da za ka yi ta gudu a garin mutane?"

"Ba bin mutum ake yi ba, Hajara. Wasa ne na ƙasashen da suka ci gaba."

"To Allah ya sa su ci gaba da kai," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Yayanku Habibu yana makarantar kwana a Dawakin Kudu, sauranku ba wanda ya isa ya ja tiyo. Ana gobe gudun Sale ya dogaro sandarsa har bakin iyaka, ya ce, ba da wasa ba wannan karon, in na ga zan makara in faɗa masa ya jiƙa min ko da rabi ne. Na dube shi sama da ƙasa na ce kada bawa ya kuskura ya taɓa tiyon ubangidansa. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Da asuba na bi motar kayan gwari zuwa birni. A filin da za a tashi na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutane kamar ranar kasuwa, sojoji da ɗalibai da ma'aikata masu tumbi, ga wasu sirara daga duwatsun Filato, ƙafafunsu kamar karan dawa, suna ta tsalle a wuri ɗaya tun ba a ce a fara ba. Kusan kowa da gajeren wando. Ni dai na ce a shekaruna ba za a ga gwiwata a titi ba, na naɗe wandon gonata zuwa ƙwauri, na sa takalmin kambas ɗin Habibu da ya matse min ɗan yatsa, aka maƙala min lamba a ƙirji da fil. Masu shirin kuwa sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. An tare motoci, an zana kibiya a kwalta duk inda za a karya kwana, ga masu ba da hannu a kowace mahaɗa, ga motar asibiti tana biye a baya kamar ungulu mai haƙuri. Aka harba bindiga, muka zuba.

Farkon tafiyar, wallahi, na ba da mamaki. Na wuce masu tumbi, na wuce ɗalibai, har na fara tsara yadda zan ba da labari a teburin mai shayi. Abin da ban shirya masa ba shi ne mutanen bakin titi. Sun cika hagu da dama, a kan benci, a kan katanga, a saman motoci, suna tafi suna kira. Da suka ga furfura sai suka koma kaina.

"Sannu Baba! Sannu da ƙoƙari!"

To ni a inda na tashi, ba a gaishe ka ka wuce kamar kurma. Na riƙa amsawa, yauwa sannunku, ina gajiya, yaya iyali. Wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba yana zaune a ƙofar shagonsa, ya ɗaga min hannu. Yaya zan wuce babba a guje? Na rage, na ɗan rusuna.

"Daga ina, malam?"

"Daga Kura, Baba."

"Ikon Allah! Yaya tumatir bana?"

Ku kuwa kun san ba a yi wa manomin rani wannan tambayar a tsaye a samu gajeriyar amsa. Kafin in gama yi masa bayanin yashe kanal, masu tumbin da na wuce sun wuce ni suna haki.

Sai teburin ruwa. An jera ruwan leda tuli, samari da 'yan mata suna miƙa wa duk mai wucewa. Abin da na gani a wurin har yau ban manta da shi ba. Mutum ya fizgi leda, ya ciza, ya kurɓi kaɗan, ya tsiyaya a ka, ya yar da sauran a kwalta, na baya ya taka. Titi ya jiƙe sharkaf kamar an yi ban-ruwa. Mu da muke zagin juna a kan ruwan da bai kai wannan tsabta ba! Ni dai na karɓi tawa, na koma gefe na tsuguna, don ban taɓa shan ruwa a tsaye ba kuma ba a birni zan fara ba. Na yi bisimilla, na sha da numfashi uku, na yi hamdala, na gode wa yarinyar da ta ba ni, na tambaye ta 'yar gidan wa ce. Wani ɗan Filato da ya tsaya ɗaure takalmi ya dube ni da tausayi.

"Baba, a nan ana sha ana gudu ne fa."

Na ce masa kowa da tarbiyyarsa. Kafin in tashi na hango leda biyu da aka yar ko cizo ba a yi musu ba. Na tsince su, na goge da riga, na zura a aljihun wando, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka suka riƙa dukan cinyata har ƙarshen tafiya. Kuma kowane tebur na tarar, sai na tsuguna.

Duk wannan da sauƙi. Wajen wata ƙofar gari na hango rumfa da tabarmi, mutane zaune jugum, ga buta ga carbi. A tsakiyarsu na gane Alhaji Namadi, dillalin da yake sayen kwandunana shekara da shekaru. Na tambayi wani a gefe, ya ce yayansa ne ya rasu. Ku gaya min, don Allah, da wane ido zan dubi mutumin nan a kasuwa in aka ce na wuce zaman makokin yayansa a guje? Na karya na shiga rumfar da lambata a ƙirji, gumi yana ɗiga, na tuɓe kambas na durƙusa. Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji ya daɗe yana dubana.

"Allah ya ba da lada, Audu. Amma wa ya biyo ka?"

Na ce tambayar nan an riga an yi min ita a gida.

Da na fito daga rumfar, duniya ta canja. Rana ta take, an janye shingaye, motoci sun dawo titi sun hau kan kibiyoyin da nake bi. Ba mai gudu ko ɗaya a gabana. Motar asibiti ta matso, wani ya leƙo ya ce Baba shigo mu ƙarasa da kai, na ce na yi rantsuwa. Suka yi min addu'a suka wuce. Na tsaya a wata mahaɗa ban san gabas ba ban san yamma ba, ƙafafuna sun yi nauyi kamar na taka laka, ɗan yatsan nan kuwa ya daina ciwo ya koma waƙa.

A nan wani ɗan acaɓa mai jar hula ya tsaya kusa da ni. Ban tambayi sunansa ba, abin da ke damuna ke nan har yau. Ya dubi lambar, ya dubi furfurar.

"Baba, ai an tashi."

"Ni ban tashi ba."

"Kai, Allah ya ja da ran maza! To biyo ni."

Ya kunna fitila da rana tsaka, ya shiga gabana a hankali yana danna oda yana kore motoci. Abokan sana'arsa suka gani suka biyo, kafin wani lokaci an sa ni a tsakiya kamar ango. Mutanen da suka fara watsewa suka dawo bakin titi. Masu shaguna suka fito. Wata mai ƙosai ta daki tirenta da matsami tana guɗa. Da jijiyar ƙafata ta ɗaure na faɗi zaune, wani mai wankin mota ya ajiye soso ya murza min ƙwauri da hannunsa mai kumfa har ta saki. Ba wanda ya san ni a cikinsu, ba abin da za su samu a wurina. Sai kira suke, sai Baba, sai ka kai, saura kaɗan. Ƙarya suke yi, da saura da yawa, amma Allah ya saka musu da alheri a kan wannan ƙaryar.

Ina cikin wannan daɗin na ji kiran sallar Azahar.

Nan take na tuna da gona. Na ga dashena a idona, 'yan ganyayyakin sun sunkuyar da kai, ruwa yana wucewa ta gefensu ba mai jawo shi. Ga tashar motar garinmu ba nisa, da na ce wa mai jar hula ya kai ni, da na iske ruwan. Na sani sarai. Ba zan ce muku ban sani ba. Amma ga mutane suna kiran sai Baba, ga rantsuwar teburin mai shayi, ga fuskar Sale in na koma ban ƙarasa ba. Na zaɓi tafin mutane a kan tuwon gidana, na ci gaba da jan ƙafa.

Da muka isa filin, ana naɗe rumfuna ana loda kujeru. 'Yan acaɓa suka yi ta oda har wata ma'aikaciya ta fito, ta ga halin da nake ciki, ta tafa hannu, ta tona ƙasan wani kwali ta ciro ƙarfen nan ta rataya min. Duk wanda ya ƙarasa ana ba shi, ko da rarrafe ya iso. Wannan ita ce lambar yabon da kuke nuna wa baƙi. Ni ne na ƙarshe, kuma tsakanina da na kusa da na ƙarshe akwai sallar Azahar guda. Na juya in gode wa mai jar hula, ya riga ya ɗauki fasinja ya tafi.

Na yi salla, na hau mota, motar ta ƙi cika. Da ta cika ta ƙi sauri. Da na sauka rana ta yi ja, na kama gaɓar kanal da ƙafafun da ba nawa ba, kuma wannan shi ne gudun gaskiya da na yi a ranar, ba mai tafi ba mai guɗa. Tun daga nesa na ga an rufe ƙofar ruwa. Kanal ya janye, sai alamar jiƙa a jikin siminti da 'yan kwaɗi a laka. Na riƙa salati ina lissafin abin da zan gaya wa Innarku.

Na iso na tarar da gonata tana ƙyalli. Kowane fangali ya sha har wuya, dashen nan sun miƙe kamar an yi musu albishir. Tiyona duk a jere, an ja su an kuma cire su yadda ya kamata. A kan iyaka Sale yana zaune, laka har cinya, ya miƙe gurguwar gwiwar da ta kumbura kamar tulu, sandarsa a gefe. Na dubi ƙasa, wajen tasa gonar. Fangalolin sama kaɗan sun sha. Sauran duk a bushe, ƙasa fara fat. Ya fara da tawa ne, yana cewa yanzu zan iso in karɓa, da gwiwa ɗaya yana bin fangali fangali, kafin ya juyo kan tasa aka rufe ruwa. Dashen nan nasa bai kai mako ba ya ƙone. A ranin nan gidan Sale daga gonata suka ci, kuma sai da Innarku ta yi da gaske kafin ya yarda ya karɓa. Bai taɓa ambata maganar a teburin mai shayi ba har ya koma ga Allah. Ni ne yau nake tona ta.

Amma a yammacin nan ban gode masa ba. Wanda ya saba kiran mutum bawa shekara da shekaru, godiya ba ta fita bakinsa da sauƙi. Na tsaya ina haki, ƙarfe yana lilo a wuyana.

"Ranka ya daɗe an dawo?" ya ce. "Na taɓa tiyon ubangidana, a yi min afuwa."

Na zauna kusa da shi. Na ga leɓensa ya bushe, sai na tuna da aljihuna. Na zaro ledojin nan biyu, sun yi ɗumi kamar shayi, na miƙa masa. Kuma maimakon in yi shiru, sai bakin nan nawa ya buɗe. Na shiga ba shi labarin almubazzarancin 'yan birni, yadda suke zubar da ruwa a kwalta, yadda ni kaɗai a cikin dubban mutane na san darajar ruwa har na tsinto waɗannan na ɗauko su tun daga can.

Sale ya karɓa, ya juya su a hannu, ya auna nauyinsu. Sannan ya mayar min da su, ya nuna busasshiyar gonarsa da haɓa.

"Ashe ban yi asara ba, tunda ka zo da ruwa. Ga fangalolina can, ranka ya daɗe. Tashi ka ba su."